Ranar da Daɗi Ya Kama Yaya Idan-Fa a Sama

Yayana ya kusa shekara talatin yana aiki a kamfanin jiragen sama, kuma har furfura ta cika masa kai bai taɓa zama a cikin jirgin da zai tashi ba. Wanda aka ajiye ana gyara, wannan yana shiga, har ya ƙwanƙwasa bango ya shafa robar ƙofa. Amma da zarar an ce za a kunna inji, sai ka neme shi ka rasa. Tikitin da kamfani ke ba ma'aikata da iyalansu kuwa ni na ci moriyarsa, Allah ya saka masa da alheri. Ni malamar firamare ce, da albashina ina zan je?

A wurin aiki Idan-Fa suke ce masa, har sabbin ma'aikata kan ɗauka sunansa ne na gaskiya. Mu a gida mun riga su sanin halin. Muna yara, idan aka ce a hau mangwaron maƙwabta, kowa sai ya haye, shi kuwa yana ƙasa yana zagaya bishiyar, yana neman reshen da za a bi a sauko idan fa mai gidan ya fito. Mai gidan ya fito kuwa, kuma shi kaɗai ya kama, don shi kaɗai ne a ƙasa.

Ofishinsa wani ɗaki ne marar taga a bayan ginin filin jirgi. Akwai kwamfutoci, akwai tsohuwar taswira a bango, akwai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin bokiti tun zuwansa. Kafin jirgi ya tashi, shi ke tsara hanyar da zai bi, da tsayin da zai hau, da yawan man da za a zuba masa, da filin da zai sauka idan na farko ya ƙi. Kyaftin, wato matuƙin jirgin, ya zo ya duba, su amince tare. Aiki ne mai kyau, ban ce komai ba. Matsalar ita ce duk baƙon da ya yi kuskuren tambayarsa yaya aiki, to shayinsa sai ya huce.

Na ji bayanin nan har na haddace. Can sama, in ji shi, iskar ba ta da kauri, mutum zai yi ta shaƙa bai ƙoshi ba. Shi ya sa inji ke hura iska cikin jirgin kamar yadda mai faci ke hura taya, sannan akwai wani bawul a baya da ke sakinta kaɗan-kaɗan don kada ta yi yawa. Duk waɗanda ka gani sun miƙe ƙafa suna shan lemo, a cikin taya suke zaune. To taya kuwa tana sacewa. Ko robar ƙofa ta tsufa, ko gilashi ya tsage, ko bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko makanike ya gama gwaji ya bar makunni inda bai kamata ba ya tafi cin abinci. Idan haka ta faru, takunkumin shaƙar iska zai faɗo wa kowa daga sama, amma iskarsa ta 'yan mintuna ce. Dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa ƙafa dubu goma, inda mutum zai iya numfashi da hancin da Allah ya ba shi.

A nan ne yake ɗaga yatsa, ya jira sai baƙo ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"To idan fa akwai dutse a ƙarƙashinsa, wanda ya fi ƙafa dubu goma?"

Sai Yaya ya ce ai nan ne aikinsa yake. Duk hanyar da ta bi ta kan tsaunuka sai ya zana mata hanyar gudu, ya nemo kwarin da jirgi zai karkata ya bi, da filin da ke ƙarshen kwarin. Sai kuma ya ƙara mai, don jirgi idan ya sauko ƙasa-ƙasa shan mai yake yi kamar tsohuwar mota a cunkoso. Baƙi da yawa sun fasa tafiya saboda shi. Wani ma da ya zo neman ragin tikiti, a mota ya tafi.

Gidansa haka yake tafiyar da shi. Mota kullum hancinta na kallon ƙofa, da jarkar mai a but, ko da shagon bayan layi za a je. Gidana kusa ne, amma sai ya zagaya ta titin da ke da asibiti da gareji. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta taɓa sayo tukunyar nan mai huci da ke dafa nama da wuri. Ya ɗaga murfin, ya duba robar, ya ce shi dai ba zai kwana gida ɗaya da ita ba. Tana gidana yanzu, lafiya lau take aiki. Idan ya je gidan mutane sai ya maƙala takarda a ƙofar firijinsu ya ja, ya gaya musu robarsu ta mutu, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Sai kuma dokarsa, wadda ya kwaso daga jawabin da ake yi wa fasinjoji: ka sa naka takunkumin kafin ka taimaki wani. Kanka tukuna. Idan Anti na ba 'yarsu abinci ita ba ta ci ba, kanki tukuna. Idan na ce zan kai maƙwabciya asibiti ina fama da zazzaɓi, kanki tukuna. Ya ce wanda ya suma ba ya ceton kowa, kuma wannan ba son kai ba ne, lissafi ne. Anti ta taɓa tambayarsa, idan abin ya faru suna tare, da gaske nasa zai fara sawa? Ya ce mata sosai ma, ko tantama babu. Ta yi kwana biyu tana ba shi shayi babu sukari.

Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Dariya ce dai ba ya yi, ba shi da lokacinta. A hoton aurensu kowa na kallon mai hoto, shi yana kallon ƙofar fita.

Sau ɗaya abin ya faru da gaske. Wani jirginsu yana bisa tsaunuka iska ta riƙa sulalewa a hankali ta robar wata ƙofa. Matuƙin, wanda kowa ke kira Kyaftin Dogo, ya bi kwarin da Yaya ya zana, ya sauka a wani ƙaramin fili da sauran mai a tanki, ko ƙwarzane ba wanda ya ji. Bayan nan ya zo gida da agogon bango ya yi godiya. Ina nan zaune ya ba da labari, ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai ji tsoro ba. Jikinsa ne ya yi ɗumi, kansa ya yi sakayau, ya kalli mataimakinsa sai kunnuwan mutumin suka ba shi dariya. Da ƙararrawa ta yi ƙara suka sa takunkumi, sai ya ga faratansa sun fara yin shuɗi. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce haka yake a littafi: idan iska ta ƙare a hankali ba da ciwo take zuwa ba, da daɗi take zuwa, daga nan sai barci. Mun zaci wannan nasarar za ta kwantar masa da hankali. Ina, sai ma ta tabbatar masa cewa idan fa ɗin nan yana faruwa.

'Yarsu ɗaya ce, Tilo muke ce mata, shi kuwa Uwata yake kiranta don sunan mahaifiyarmu ta ci. Ta tafi karatun harhaɗa magunguna a wani birni da ke bayan waɗannan tsaunukan dai, inda babu hanyar mota ta kirki. Ranar da ta gama karatu ni da Anti muka je, shi ya tsaya ya ƙara wa jirginmu mai. Ta sami aiki a can, ta sami miji a can, suka zo nan aka ɗaura aure suka koma. Kullum da safe sai ya kira ta ya karanta mata yanayin garinsu: iska daga gabas, gajimare ya sauko, ki ɗauki laima. Ita ce duk hirar. Bai iya cewa ina kewarki ba, sai dai ya ce akwai hazo.

Da ta haihu ta roƙe shi ya zo. Ya ce yana duba lamarin. Anti ta je ta dawo, yana duba lamarin. Yarinya ta fara zama, yana nan yana dubawa. Wata safiya na biya gidan karɓar dutsen guga, na same shi yana waya, ya buɗe muryar wayar kowa na ji kamar yadda ya saba don ba ya son kara waya a kunne. Ya fara da cewa da yamma za a yi ruwa.

"Baba, ina da taga," in ji Tilo.

Ya kalli wayar, ta ci gaba.

"Ruwan ina ganinsa da idona. Kai ne ba na gani. Ba zan sake roƙonka ba, kuma don Allah ka daina kirana saboda hadari."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya yi zafi. Daga ranar, da safe sai ya duba yanayin garinsu, ya ɗauki waya, ya ajiye. Abinci ya daina shiga. Ni kuwa ba na ɓoye magana, na same shi na wanke shi tas. Na ce shekara da shekaru kana zana wa baƙin da ba ka sani ba hanyar tsira, ga 'yarka tana sulale maka a hankali kana zaune kana auna robar firiji. Na tausaya masa, wallahi, amma haushinsa ya fi yawa. Bayan 'yan kwanaki Anti ta kira ni ta ce in shirya kaya, mu uku za mu tafi.

Kamfanin gaba ɗaya ya ji labari. Tunda hutu ya ɗauka, abokin aikinsa ne ya tsara tafiyar, amma Yaya ya je ya tsaya masa a ƙeya yana tambayar idan fa kaza, idan fa kaza, har bawan Allah ya lallaɓa ya fitar da shi ya murɗa makulli. Kyaftin Dogo ya yi musanya da wani don ya tuƙa mu da kansa.

Ranar tafiya, a bakin ƙofar jirgi Yaya ya tsaya yana bin robar da yatsa daga sama har ƙasa, layi ya taru a bayanmu ana tsaki. Shi ya raba mana kujeru. Anti a taga, da sharaɗin a rufe ta, ni a tsakiya, shi a bakin hanya. Da ma'aikaciyar jirgi ta fito tana nuna yadda ake sa takunkumi, duk jirgin shi kaɗai ke saurare, yana gyaɗa kai, har yarinyar ta rikice ta sa nata a karkace. Muka tashi yana riƙe da hannun kujera, idonsa a kan rufin da takunkumin ke ɓoye. Aka kawo abinci ya ƙi ci. Sauran fasinjoji suka ci suka ƙoshi, aka fara gyangyaɗi. Ni kunnena ya toshe, na zura hannu cikin jaka na lalubo alewa na jefa a baki. Ashe birona ya fashe a ciki, ban lura ba.

Ana haka sai muryar Kyaftin Dogo ta fito. Ya ce muna bisa tsaunuka, kuma yau muna tare da mutumin da ya daɗe yana zana wa jiragensu wannan hanyar, wanda ya taɓa fitar da shi daga cikinta lafiya. Ya ce masu taga ta hagu su leƙa, ga babban dutsen nan. Anti ba ta nemi izini ba, ta ɗaga murfin tagar.

Yaya ya ce ba zai kalla ba. Ya kalla da gefen ido. Sai ya miƙo wuya ta gabana, sai ya dafa gwiwata ya miƙo duka jikinsa. Dutsen nan ya san tsayinsa, ya san lambarsa a taswira, ya sha yin faɗa da shi a kwamfuta, amma bai san yana da farin kai ba, bai san rana na kwanciya a gefensa haka ba. Ya nuna da yatsa ya ce ga kwarin can, ashe da kogi a cikinsa, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya ce can inda ya lanƙwasa nan ne jirgi zai juya. Ya ce Maman Tilo dubi, har da gidaje, mutane na zaune a cikin hanyar gudunsa. Sai na ji wani sauti da ban sani ba yana fitowa daga ƙirjinsa. Dariya ce. Ni da Anti muka kalli juna.

Can sai ya tsaya cak. Ya koma kujerarsa ya dafa ƙirji. Ya waiga ya ga rabin jirgi na barci, wani ma baki buɗe. Ya kama hannuna ya juya, yatsuna duk shuɗi. Ya kalli bakina, leɓena shuɗi. Fuskarsa ta canza.

"Iska ta fita," ya ce a hankali. "Takunkumi ya ƙi faɗowa."

Kafin in ce me, ya kwance bel ɗin kujerarsa ya haye kaina, gwiwarsa a cinyata, gwiwar hannunsa a goshina. Ya danna ƙararrawar kiran ma'aikata ya ƙi saki. 'Yan bututun nan uku da ke hura iska a saman kujera, ya murɗe su duka ya juya su fuskar Anti, da nata, da nasa, da nawa. Shi da ya fi kowa sanin ba su da amfani idan iska ta fita. Ya riƙe kumatunta da hannu biyu yana ce mata ta yi numfashi, kada ta yi barci, ta kalle shi. Ɗankwalinta ya tashi. Ma'aikaciyar ta iso da sauri, ya ce mata ta kawo kwalbar iskar da suke ajiyewa.

"Ita za a fara ba," ya ce. "Matata tukuna."

Ni fa, a lissafinsa, ni ce wadda ta riga ta yi shuɗi. Ciki ɗaya muka fito da shi. Ko shaƙa ɗaya bai ce a ba ni ba, kuma har gobe ina tuna masa.

Ma'aikaciyar mai hankali ce. Ta kalli yatsuna, ta kalli jakata da ke ɗigar tawada, ta miƙo mini tishu. Ta kira Kyaftin ta wayar ciki, ta dawo ta ce ya ce a gaya wa Idan-Fa iskarsa na nan cif, ko ɗigo ba ta ragu ba. Yaya ya ce ai haka matuƙi zai ce idan shi ma abin ya kama shi. Sai ta durƙusa ta ce, to Baba, gaya mini abin da kake ji. Ya lissafa mata da gaskiyarsa. Ƙirjinsa ya yi ɗumi, jikinsa ya yi sakayau, yana son yin dariya ba dalili, idonsa na kawo ruwa, kuma babu abin da ya dame shi, wanda wannan ne ya fi damunsa.

Anti ta gyara ɗankwalinta. Ta ce, "Baban Tilo, wannan ai daɗi ne kake ji."

Ya ce daɗin me? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma haka yake yi wa mutane. Ya duba faratansa ɗaya bayan ɗaya, jajur suke. Wani fasinja a bayanmu ya fashe da dariya, sauran da suka farka suka taya shi. Kunya ta rufe ni, ina goge leɓe da tishu. Anti kuwa ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu ta mayar masa da bututunsa, ta tambaye shi ina maganar kanka tukuna. Ya ce ya manta. Ta riƙe hannunsa har muka sauka, ta kaina, don ba wanda ya ce in tashi mu yi musanya.

Ba mu gaya wa Tilo da shi za mu zo ba, don gudun kada ya fasa a ƙofar jirgi. Ta buɗe ƙofa da yarinya a kafaɗa, ta gan shi tsaye a bayanmu riƙe da jakar Anti. Ba ta gaishe shi ba ma, ta miƙa masa 'yar kawai ta juya ta shige kicin, muna jin ta tana jan hanci. Ya zauna a bakin kujera. Yarinyar ta kama masa gilashin ido ta ja, ta sa a baki. Bai ce akwai ƙwayoyin cuta ba. Can na ga ya zame hannu ɗaya a ɓoye yana duba faratansa.

"Abin ya dawo," ya ce wa Anti ƙasa-ƙasa. Ta ce ya ƙyale shi.

Tilo ta fito da shayi, idonta ja. Ta ajiye a gabansa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda take yi tana ƙarama. Ta ɗan jima tana gyara wa yarinyar safa.

"Baba, gobe za a yi ruwa?"

Ya lalubi aljihun da wayarsa take, amma yarinyar na zaune a kai.

"Ban duba ba, Uwata," ya ce.